Wandon Da Aka Tsinta A Ɗakin Firdausi

Gwaggo Safara'u ta ce carbinta ta shiga nema a ɗakin Nana Firdausi. To, haka ta ce. Amma duk wanda ya zauna da Gwaggo ya san carbinta bai taɓa ɓata a tsakar gida ba, kullum a ƙarƙashin katifar mutane yake ɓata.

Ta ɗaga filo, ta ɗaga katifa, ta jawo wata baƙar leda. Tana buɗewa ta saki salati da ƙarfin da sai da kajin gidan suka watse.

"Hussaini! Hussaini! Fito ka ga abin da ake yi maka a cikin gida kana zaune!"

Firdausi tana bakin rijiya tana wanke-wanke. Da ta waiwayo ta ga abin da Gwaggo ta ɗaga sama da hannu biyu, sai kwanon da ke hannunta ya suɓuce. Wando ne, sabo fil, ruwan toka. Wandon maza.

Malam Hussaini, wanda 'ya'yansa ke kira Baffa, ya fito daga turakarsa yana gyara hula. Ya dubi yayarsa, ya dubi wando, ya dubi 'yarsa.

"Na wane ne?"

"Baffa, furojet ɗina ne," in ji Firdausi. "Shi zan kai makaranta gobe."

Gaskiya ta faɗa. Shekararta ta uku ke nan tana karatun ɗinki a kwaleji a nan Gumel, kuma gobe Litinin za ta tsaya gaban malamai ta kare aikinta na ƙarshe. Malama Hidaya ta ce kowace ɗaliba ta ƙirƙiro tufar da za ta magance wata damuwa ta mutanen yankin. Sauran 'yan ajin duk suka tafi ga rigar masu ciki. Ita kuwa Firdausi ta ce wando za ta yi wanda mutum zai hau babur da shi, ya tsuguna, ya yi salla, in ya rame a azumi ya rage shi, in ya yi ƙiba bayan Sallah ya sassauta shi, ba tare da zariya ta yanka masa ciki ba. Ta sa roba a baya, maɗauri mai maɓallai huɗu a kowane gefen ƙugu, ta buɗa hantsar, ta kuma yi ƙafar yadda za a naɗe ta ciki a ɓalla in mai shi gajere ne.

Duk wannan gaskiya ne. Sai dai akwai ragowar gaskiyar da in ta fito, Firdausi ta san kashinta ya bushe.

Mutum biyu ke neman aurenta. Akwai Abdulfatah, mai shagon wayoyi da firji a Maigatari, gajere, kakkaura, wanda ba ya zuwa gaida Gwaggo hannu rabbana. Akwai kuma Sajo, dogo siriri, ɗan rugar da ke bayan Ɗanzomo, wanda ya karanci lafiyar dabbobi yake yawon yi wa shanu allura a kan babur. Sajon take so, kowa ya sani, har kajin da suka watse ɗazu.

Baffa ba ya son jin sunan rugar su Sajo. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce shanunsu suka shiga gonar riɗinsa ta Gagarawa Tasha suka yi mata aski. An yi sulhu gaban mai gari, an yafe, an shafa fatiha. Shanun da suka ci riɗin ma tuni aka cinye su. Amma Baffa har gobe in ya ga farar saniya sai ya yi tsaki.

Bai ce zai tilasta mata ba, shi ba irin wannan uban ba ne. Cewa ya yi zai yi nazari. Kafin ya gama nazarin kuwa ya kafa doka: tsakaninta da Sajo babu zance, babu waya, babu aike. "In na ji ko gaisuwa ta gitta tsakaninku," in ji shi, "magana ta mutu, kuma ba mai tayar da ita."

To, aike kam an yi shi, har an ƙoshi.

Baffa ya juya wandon yana duba shi kamar mai sayen akuya.

"Ni ba tela ba ne," ya ce, "amma na san tela ba ya yanka sai da awo. Awo kuma sai an zagaya tef a ƙugun mutum. Ƙugun wa kika zagaya, Firdausi?"

"Wallahi Baffa ban taɓa auna kowa ba."

"Dubi tsawonsa!" Gwaggo ta cafe. "Dubi ƙugun kamar na zanzaro! Duk Gumel wa ke da wannan ƙirar in ba ɗan Fulanin nan ba? Hussaini, kada ka tsaya dogon bincike. Kira su duk biyun su gwada a gabanka. Wanda ya yi wa daidai, shi aka auna."

Baffa ya gyaɗa kai a hankali. Ya naɗe wandon ya cusa a hammata, ya zaro waya.

"Bayan la'asar," ya ce. "A zaure."

*

Firdausi ta faɗa kan gadon mahaifiyarta ta fashe da kuka.

"Iya, na shiga uku. A daidai jikin Sajo na ɓalla maɓallan, ban samu na kwance ba."

Iya ta tura ƙyaure ta dawo ta zauna. "Ke dai gaya mini gaskiya tun ina da sauran numfashi. Kin auna shi?"

"Ban auna shi ba, Iya. Ko inuwarsa ban taka ba wata huɗu. Yayarsa A'i ce ta auna shi da igiya, ta yi ƙulli uku, ɗaya na ƙugu, ɗaya na cinya, ɗaya na tsawo, ta kawo mini."

"A'i mai kawo mana nono?"

"Ita."

"A ina ta sa igiyar ban gani ba?"

Firdausi ta sunkuyar da kai. "A ƙarƙashin faifan ƙwarya."

"Wandon fa?"

"Wannan na uku ne. Na farko da na biyu duk ta kai masa ya gwada, kwana bakwai-bakwai, ta dawo da su."

"A ina?"

"A leda... a gindin ƙwaryar."

Iya ta dafe ƙirji. "Nonon da nake dama wa ubanki fura da shi? A kan wandon Sajo yake zuwa? La'ilaha illallahu! Yarinyar nan kin kashe ni."

"Iya, wa zan ba ya gwada? Malama ta ce sai mai aikin ƙarfi ya sa an ga inda zai gaza. Shi kullum yana kan babur, daga Sule Tankarkar zuwa Maigatari, ya tsuguna a gindin saniya, ya yi salla a daji. Na farkon a kasuwar shanu ya yage masa ranar Alhamis, a tsakiyar mutane, sai da buhu ya rufa ya koma gida. Bai yi fushi ba, Iya. Aiko A'i ya yi ta ce mini a ƙara faɗin hantsa."

Iya ta so ta yi faɗa, dariya ta ci ƙarfinta, ta toshe baki da gefen zane. Da ta ga hawayen 'yarta sai dariyar ta tsaya.

"Kina son sa har haka?"

"Iya, in Baffa ya kore shi, ni kam ban san yadda zan yi da raina ba. Abdulfatah ko sau ɗaya bai taɓa tambayata me nake karanta ba. Cewa ya yi in mun yi aure zai ba da keken ɗinkina sadaka, wai ƙararsa na sa shi ciwon kai."

Iya ta jawo ta ta share mata fuska. "To yi shiru. Bakina alekum, ba mai jin zancen ƙwarya daga gare ni. Ke kuma ki yi ta addu'a."

*

Abdulfatah ne ya fara isowa, a mota, turarensa ya riga shi shiga zaure. Ya miƙa wa Gwaggo leda. "Ɗan kado ne, Hajiya, 'yar tsaraba daga tsallaken iyaka." Gwaggo ta washe baki ta sa masa albarka har da ta jikoki.

Sajo ya kashe baburinsa tun daga bakin layi ya turo shi da hannu. Ya tuɓe takalmi a waje, ya tsuguna can bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Gaisuwar ma da ƙyar aka ji ta.

Firdausi da Iya suna bayan ƙyauren da ya raba zaure da cikin gida, ido a jikin tsaga.

Baffa bai yi wani kwana-kwana ba. Ya ajiye wandon a kan tabarma, ya faɗi inda aka same shi da abin da ake zargi, ya nuna ɗan shagon da ke jikin zauren.

"Sajo, kai ne farko. Shiga ka sa."

Jama'a, a ce wa Bafulatani ya canja wando a gidan da yake neman aure! Sajo ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Gumi ya karyo masa. Ya ɗauki wandon da yatsa biyu ya shiga shagon, ya daɗe har Gwaggo ta ce a leƙa ko ya suma.

Da ya fito, Firdausi ta runtse ido. Wando ya zauna ɗas, ba ƙari ba ragi.

"Tsuguna," in ji Baffa. Ya tsuguna. "Zauna." Ya zauna ya naɗe ƙafa. Wani abu ya gitta a fuskarsa, ya ɗan muskuta.

Gwaggo ta rangaɗa guɗa. "Me na gaya maka? Kamar a jikinsa aka haife shi!"

Baffa ya yi ajiyar zuciya. "To, shi ke nan. Sajo, je ka cire. Daga yau..."

"Baffa!"

Firdausi ba ta san lokacin da muryarta ta fita ba. Iya ta riƙe mata hannu, amma magana ta riga ta tsere.

"Baffa, ka yi mini rai. Cewa aka yi duk biyun za su gwada."

Gwaggo ta ƙyalƙyale da dariya har da riƙe ciki. "Wannan ɗan tsurut ɗin? Ai ko cinyar Abdulfatah ɗaya ba za ta shiga ba."

"A yi adalci," in ji Baffa. Shi fa duk rigimarsa ba ya son a ce ya yi son kai.

Sajo ya shiga ya cire wandon ya kawo. Abdulfatah ya yamutsa fuska. "Baffa, in sa abin da wani ya cire yanzun nan? Shaddata ma daga Kano ake ɗinko mini."

"Shiga."

Ya shiga. Aka ji nishi, aka ji tsaki, aka ji ya bugi bango. "Ya tsaya a gwiwa!" ya ƙwala daga ciki.

"Baffa, a gefen ƙugu akwai maɗauri," in ji Firdausi daga bayan ƙyaure. "A ɓalle shi daga maɓalli na farko a mayar na huɗu. Dama da hagu."

Abdulfatah ya laluba ya rasa, tumbi ya tare masa gani. Ba shiri Baffa ya tattare riga ya shiga ya tsuguna a gabansa yana ɓalle masa maɓalli, yana faɗin, "Ja cikin, malam, ja cikin!"

"Ƙafar kuma a naɗe ta ciki sau biyu, akwai maɓalli a wajen idon sawu," Firdausi ta ƙara.

Can sai ga Abdulfatah ya fito yana haki. Wandon da ya zauna a jikin Sajo ɗazu, ga shi ya zauna a jikin Abdulfatah, ɗas, kai ka ce shi aka yanka wa.

Gwaggo ta zagaya shi sau biyu. "Wannan ba ɗinki ba ne," ta ce, "asiri ne."

"Ashe kai ma an auna ka?" Baffa ya tambaya.

"Ni? Wallahi tallahi ban taɓa ganin wannan tsumman ba! Wa zai sa wannan? Kayan 'yan acaɓa!"

Firdausi ta ji kalmar tsumma har cikin ƙashinta. Wata huɗu ta yi a kan wandon nan.

Baffa ya shafa gemu. Sai ya miƙa hannu. "Cire ka ba ni."

Shi Baffa ba dogo ba ne ba gajere ba, sai dai yana da ɗan tumbin da zariya ta daɗe tana gana wa azaba. Ya shiga shagon. Firdausi ta ce a sa a maɓalli na uku, ƙafa naɗi ɗaya. Ya fito ya tsaya. Ya taka zuwa bakin ƙofa ya dawo. Ya tsuguna ya miƙe. Ya ɗaga ƙafa ya harba ta ƙasa kamar mai tayar da babur. Ya shafa ciki ya ja numfashi mai tsawo, irin wanda ya shekara ashirin bai ja ba.

"Ikon Allah," ya ce. "Safara'u, ni ma ta auna ni ke nan?"

Gwaggo ta kawar da kai.

"To, magana ta ƙare. Wandon da ya shiga mutum uku ba shaida ba ne a kan mutum ɗaya. Na zargi yarinya a banza. Sajo, kai ma ka yi haƙuri, ba ruwanka. Ku tashi ku tafi."

Iya ta matse hannun Firdausi. Firdausi ta jingina da bango don daɗi. Sun tsira. Abin da ya rage kawai Sajo ya sa takalminsa ya kama hanya.

Sajo bai tashi ba.

"Allah ya gafarta Malam," ya ce a hankali, idonsa a kan tabarma. "Ina da magana."

"Ina jin ka."

"A gaya wa Firdausi maɓallin ƙafar hagu yana nan inda yake. In mutum ya zauna zaman tahiya, a kansa yake zama, yana shiga ƙashi. Tun a na biyun na gaya wa A'i ta faɗa mata, da alama ta manta. Gobe kuma an ce malamai za su sa wani ya sa shi ya yi kowane irin zama."

Firdausi ta ji duniya ta juya mata. Ta sulale ƙasa, ta toshe baki da hannu biyu. Wayyo Sajo, wa ya aike ka?

"Na biyun?" in ji Baffa. "Akwai na farko ke nan."

"Akwai."

"Duk ka sa?"

"Na sa. Kwana bakwai-bakwai. Ba ta auna ni ba, ban gan ta ba, amma aike an yi."

Abdulfatah ya tafa hannu. "Kun ji ko? Da bakinsa! Ni dama na san..."

"Rufe mana baki," in ji Baffa, ko kallonsa bai yi ba.

Ya lanƙwashe ƙafar hagu ya zauna a kanta kamar mai tahiya. Ko daƙiƙa biyu bai yi ba ya zabura.

"Wash! Kai, wannan ai ƙusa ce!"

Ya miƙe ƙafar yana murza idon sawu. Ya daɗe yana kallon Sajo.

"Ka san dokar da na kafa?"

"Na sani, Baffa."

"Ka ji na wanke ka yanzun nan. Da ka sa takalminka ka tafi, wa zai sani? Me ya kai ka buɗe baki?"

Sajo ya gyara zama.

"Baffa, shekara uku take wannan karatu. In aka kayar da ita gobe a kan abin da na sani na yi shiru, ko an ba ni ita ba zan iya haɗa ido da ita ba. Gara a hana ni ita, ta ci jarrabawarta."

Har Gwaggo, da ba a taɓa jin bakinta ya mutu ba, ta tsaya tana wasa da bakin ledarta. Daga bayan ƙyaure ba ka jin komai sai shessheƙar Firdausi.

"Firdausi," Baffa ya kira.

"Na'am, Baffa."

"Ɗauko almakashi da zare ki zo ki gyara abin nan."

Ta fito lulluɓe da mayafi, idanu jawur, ba ta dubi kowa ba. Ta durƙusa a gabansa.

"Baffa, sai ka cire shi."

"Ba inda zan cire shi. A jikina za ki gyara. Gobe ma in malaman naku na son ganin wando, su gan shi da ni a ciki."

Ta kama ƙafar wandon ta fara tsinke zaren maɓallin, hawaye na ɗiga a kan yadin. Baffa ya gyara murya, ya yi magana ta saman kanta.

"Kai kuma Sajo, doka ka karya, ba zan ce ba ka karya ba. Ni kuma ba na magana biyu. Na gaji da wannan aike-aiken na ɓoye a bayan idona, yau zan kashe shi."

Hannun Firdausi ya tsaya.

"Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ka turo mini kawunnanka. Su zo da rana tsaka, ta ƙofar gida, su tambaye ta yadda ake tambaya."

Almakashin ya kuɓuce mata ya caki ƙafarsa.

"Wayyo! Ke, a hankali!" Baffa ya janye ƙafa yana yarfe hannu. "Miji na ce zan ba ki, ban ce na ba ki ƙafata ba!"